Rigar Kakana da Biran Dabagi

Jikokina dariya suke yi in na ce musu na taɓa zama namiji har wajen mako uku. Sai su ce tsohuwa ta fara. To ban fara komai ba, gaskiya ce, kuma birai ne suka jawo.

Garinmu ɗan ƙauye ne arewa da Tawa, ta wajen Barmu, a gindin dabagi. Dabagi shi ne tudun nan mai jan dutse, wanda in ka hau sai ka tarar da samansa a shimfiɗe kamar faifai, ba komai sai tsakuwa da sabara da ƙaya. Lokacin ina da shekara tara ko goma, ban sani ba, mu ba a rubuta ranar haihuwarmu ba. Abin da na riƙe shi ne ba a daɗe da samun mulkin kai ba, kuma a shekarar aka zo ɗaukar yara lakkwal, wato makarantar boko, aka tafi da wana Tawa. Ni ba wanda ya tambaye ni. Ɗan karatun da nake rubuta wannan da shi, sai da na haifi uku na same shi a ajin manya.

Kakata, uwar babana, tana da gamana, wato ƴar gonarta ta kanta, can ƙarshen gonakin gari inda yashi ya ƙare dutse ya fara. Ba ta shuka komai a ciki sai wani hatsi da muke ce wa mai gashi. Zangarniyarsa gajera ce mai kauri, duk jikinta gashi tsaye kamar bushiya, tsuntsu ba ya samun wurin sa baki. Furarsa tana da ɗan duhu, da ƙanshi irin na ƙasa in ruwan farko ya taɓa ta. Ta ce daga ɗakin uwarta ta zo da shi, a ƙulle a bakin zane. Mutanen gari duk sun bar shuka shi, don gashin yana sa mata ƙaiƙayi wurin sussuka. Ita kaɗai ta rage. Shekarar da ta gabata fara ta ci gonar, ɗan irin da ya tsira kuwa duka kakata ta zuba shi a ƙasa da daminar nan, ba ta bar ko ƙwaya a gida ba. Sai kuma ruwa ya ɗauke da wuri. Yawancin gonar ta fitar da kai amma ba ta yi ido ba, sai wani lungu guda inda ruwan dabagi yake gangarowa ya kwanta. Nan ne kawai aka samu zangarniyoyi cikakku, ba su fi arba'in ba. In waɗannan suka tafi, mai gashi ya tafi ke nan, ba inda za a je a roƙo.

Tsuntsu ba ya cinsa, amma biri ba ruwansa da gashi. Da, wana ne ke tsaron wurin.

Babana ya zo ya tsuguna a ƙofar ɗakinta ya ce, “Inna, ki haƙura da wagga gona. Yaron da ka tsaronta ya tahi, ni kuma ina ga gandu, ba ni rabuwa biyu.”

Ta ce, “Wa ya ce ka rabu? Ga mai tsaro nan.” Ta nuna ni da haɓa.

“Wagga? Inna, biri ba shi tsoron mace, ke ma kin sani. Gabanta za su zamna su ci.”

“Na sani. Shi ya sa ba mace za ni aikawa ba.”

Ta jawo wani tsohon adudu daga ƙarƙashin gado, ta fiddo rigar kakana, mijinta, wanda ya rasu ina goye. Rigar saƙi ce, rininta ya koɗe har ta koma launin kurciya. Da ta zura mini ita sai na ji na shiga wani ɗaki mai duhu, mai warin hayaƙi da taba da tsohon zufa, ban san ta ina zan fito ba sai da ta kamo kaina ta wuyan rigar. Ta naɗe ta a ƙuguna ta ɗaure da igiya. Ta cusa tsumma cikin malfarsa don ta zauna mini, ta tura kitsona ciki, ta ba ni sanda.

“Tahi in gani.”

Na yi taku uku.

“A'a! Wane namiji ka tahiya kamar an aike shi? Buɗe ƙahwa. Sa sandar bisa wuya, ki rataya hannuwa. Yi kaki. Tohwar da shi nesa, kamar garin duka naki ne.”

Na yi kaki, yawun ya sauka a kan babban yatsana. Babana ya juya mana baya, kafaɗunsa suna rawa. Ita kuwa kakata sai ta durƙusa a gabana, gwiwa biyu, ta sunkuyar da kai ta ce, “Maigida, a sauka lahiya. In an biya kasuwa a riƙo mani goro.”

Na ce, “Kaka, ni ce hwa.”

Ta ce, “Na san kai ne, tsohon banza. Shekara nawa ka bar ni da gona ni ɗai.”

Tun daga ranar, gari na wayewa sai in shiga riga in ɗauki gorar fura in kama hanya. Akwai ƴar rumfar kara da wana ya bari a bakin gonar, nan nake wuni. Ban taɓa zama ni kaɗai haka ba, ni da na saba da tsakar gida da surutun mata. Da farko shirun ya dame ni, sai daga baya na gane ashe ba shiru ba ne. Ganyen hatsi yana da maganarsa in iska ta zo daga gabas, yana da wata in ta juyo. Ƙwaro yana da tasa. Ni dama tun ina ƙarama kunnena ya fi idona, ina ɗaki nake sanin wace ce ke daka a gida na uku. To su ma biran, da kunne na fara saninsu.

Ba su da hayaniya kamar yadda mutane suke zato. Abin da za ka fara ji wani ɗan gunji ne can ƙasa-ƙasa, “mm, mm”, kamar mata suna amsa wa juna labari bakinsu cike da goro. Sai tsakuwa ta ɗan motsa. Sai ka ga abin da ka ɗauka jan dutse ne ya miƙe yana tafiya. Jajaye ne, launin dabagin sak, cikinsu da ƙafafunsu fari kamar sun ratsa ta cikin garin tuwo. Dogayen ƙafafu gare su, in suka zuba da gudu ko karen farauta sai dai ya bi ƙura. Ba su cika hawa itace ba sai in za su duba nesa ko za su ci ƙaro. Na sha ganin uwa tana ɓantaro ƙaro a jikin farar ƙaya, ɗanta yana leƙa bakinta, yana shinshina, ita kuwa ta kau da kai kamar ba ta san shi ba. Ƙananan suna bin fara, su yi tsalle su tafa hannu biyu, su buɗe a hankali su ga ko ta kamu.

Namiji babba ɗaya ne tak a cikinsu, sauran duk mata ne da yara. Ya kusa ninka matan girma, ga farin gashin baki, ga furfura a kafaɗa. Ba ya zama cikinsu. Kullum yana gefe, a kan suri ko kan reshe, yana kallon nesa kamar mai jiran baƙi. Na ɗauka shi ke da garken, sai da na daɗe ina kallo na ga ashe wata tsohuwa ce mai yagaggen kunne. In ta tashi kowa ya tashi, inda ta nufa can aka nufa, shi kuma ya sauko ya bi baya yana waige-waige kamar shi ya ba da umarni.

Kuma rigar ta yi aiki. In sun gangaro sai in fito daga rumfa in buɗe ƙafa in yi kaki. Tsohuwar ta miƙe a kan ƙafa biyu, ta dogara da wutsiya, ta dube ni ta dube ni, sannan ta juya, duk su bi ta. Kwana biyu uku kakata takan zo da sanda, ta shiga lungun nan, ta murza zangarniya ta saurari ƙararta, ta ɗaura wa kowace cikakkiya ɗan zaren kaba a wuya. Alamar iri ke nan, ba mai taɓa ta ko don tumu, sai ta bushe a tsaye. Ta ce saura kwana goma, daga baya ta ce saura bakwai.

Wata rana ƙanen kakata ya biyo ta wurin a kan jaki. Shi ne alhajin garinmu guda, a ƙasa ya je Makka, ya yi shekaru bai dawo ba har an fid da rai. Ya ja jaki ya tsaya ya ce, “Salamu alaikum, mai gona. Ashe ana dawowa daga lahira?” Na rasa ko in durƙusa ko in tsaya, na yi rabi-rabi. Ya yi ta dariya har da tari, ya shigo rumfa ya sha furata. Da ya hango biran a kan dutse sai ya ce a Jidda ya yi aikin ɗaukar ruwa tare da wani mutumin ƙasar Hindu, shi ya ba shi labarin nasu biran.

“Nasu ba jajaye ba ne. Toka-toka ne, kamar an hiddo su daga murhu, huska baƙa ƙirin, hannuwa baƙaƙe. Wutsiya ta hi jikin tsawo, shina ɗauke da ita bisa baya a lanƙwashe kamar marikin buta. Ganye su ka ci, kamar awaki. Kuma cikin gari su ke, bisa soraye, bakin rijiya. Ba mai jihwa tai. Mace ta hito da abinci ta miƙa mai, shi karɓa da hannu.”

Na ce, “Ba su ɓarna?”

“Suna yi mana! Sai a ce Allah shi kyauta, a shuka wani. In ɗaya ta haihu, matan duka su taru, wagga ta karɓa ta rungume, waccan ta amshe, kamar ranar suna. Uwar ta samu ta ci abinci.”

Ya hau jakinsa ya tafi ya bar ni da su. Daga ranar, in rana ta take, iska ta tsaya, dabagi ya fara rawa cikin zafi, sai in ga jajayen nan sun koɗe sun zama toka-toka. In gan su zaune a kan katangar gidanmu, wutsiyoyi a lanƙwashe, innata tana miƙa musu ƙwarya. In ga ana miƙo mini jinjirin in goya. Rigar ma launinta ke nan, har nakan ji kamar in na zauna shiru sosai tsohuwar za ta zo ta duba mini kai. Ban sani ba ko barci nake ko ido biyu. Na daina yin kaki sosai. Wani lokaci sai sun zo kusa har ina jin tsakuwa a ƙarƙashin tafinsu kafin in tuna ni namiji ne.

Ranar da na yi kuskuren, zafi ne ya yi yawa, na shanye furar tun hantsi. Akwai ɗan tafki bayan gonar da bai ƙafe ba, na je na cika gora. Namiji a kafaɗa yake rataya gora, kowa ya sani, ni ma na sani. Amma hannuna bai tambaye ni ba. Na ture malfa ta koma bayan wuya, na naɗe hannun rigar kakana na yi gammo, na ɗora gora a ka, na taho ina rangaji ina ƴar waƙar da muke yi a hanyar rijiya. Sai da na iso bakin gona na ɗaga ido. Tsohuwar tana kan suri a tsaye, ƙafa biyu. Ta dubi gorar, ta dubi kitsona. Sai ta yi wani ɗan sauti da ban taɓa ji ba, gajere, daga maƙogwaro, irin wanda mace take yi in ta gane wadda ta ɗauke mata ludayi. Na yi maza na mai da malfa, na yi kaki har sau uku. Ba ta ko motsa ba.

Da na koma gida ban gaya wa kowa ba.

Washegari da hantsi ban ji gunjin matan ba. Namijin ne ya zo shi kaɗai, ya hau aduwar da ke bakin gona, ya kama reshe yana girgizawa, yana tsalle yana dira da ƙafa huɗu, ya yi hamma ya nuna mini haƙora. Bai taɓa zuwa kusa haka ba. Na jefe shi da dutse, ya sauko ya yi ɗan gudu ya zauna. Na bi shi, ya ƙara gaba kaɗan ya zauna yana susa. Raina ya ɓaci. Na tattare riga na bi shi, yana gaba ina baya, har muka hau dabagi, har na daina ganin rumfa. Can ya waiwayo ya dube ni sau ɗaya, ya zuba da gudu na gaske, kafin in ƙifta ido ya zama ɗan jan ɗigo.

Na tsaya ina haki. Sai iska ta kawo mini wata ƙara daga ƙasa, ƙas, ƙas, ƙas. Na san ƙarar nan, karan hatsi ne ake karyawa.

Na gangaro da gudu, igiyar ƙugu ta kwance, na taka riga na faɗi, na tashi na sake faɗuwa. Kafin in iso sun gama. Ina ganinsu suna haurawa ta ɗaya gefen, kowace da zangarniya a baki, wata a hannu, wata a hammata, zaren kaba yana reto. Lungun nan kamar an yi dambe a ciki. Na duba kara ɗaya ɗaya, ba ko guda mai kaba da ta rage a tsaye.

Ban san yadda na kai gida ba. Na tarar da kakata tana kaɗi a inuwa, na tsaya a gabanta da malfa a hannu na faɗa mata duka, har da gorar. Na jira duka. Ta ajiye mazari. Sannan ta ce, “Bisa kai kinka ɗauko ta?”

Na ce i.

“Da waƙa?”

Na ce i.

Ta ce, “To, ɗiya ta gari. Ta ina sunka bi?”

Ta ɗauki babbar ƙwarya da sandarta. A hanya ta ce mini biri ba ya cinye abu. Ya gatsa sau ɗaya sau biyu, ya hango na hannun wani ya fi, ya yar da nasa. Balle mai gashi, da ke soke masa hanci. Muka hau dabagi da rana tsaka, ita da ban taɓa ganin ta hau ba, tana hawa tana hutawa. Sai ga zangarniya a kan tsakuwa, an ci gefe guda. Ga wata a gindin sabara, ga rabin wata. Ni ke tsinta ina kawo mata, ita tana hurawa tana sawa a ƙwarya. Inda aka murje ƙwayar ta zube, sai ta zauna dirshan ta tsince ta ɗaya ɗaya daga cikin tsakuwa.

Muna cikin haka muka iske su suna hutawa a inuwar wata bagaruwa. Ba su gudu ba, mata biyu ne mu, ba mai malfa. Tsohuwar tana zaune wata tana duba mata baya. Kakata ta dogara sanda ta ce mata, “Ke, tsohuwa, sannu da aiki. Da girmanki da jikokinki, ki rasa wadda za ki yi ma wayo sai ƙaramar ɗiya. Kin ƙoshi? To miƙo sauran.” Birinya ta yi hamma ta juya mana baya. Kakata ta ce, “Dube ta, sak wata da na sani.” Ba ta faɗi ko wace ce ba.

Mun dawo da abin da bai cika ƙwarya ba. Babana ya juya su da yatsa ya ce, “Inna, wanga bai ida nuna ba, saura kwana biyar kinka ce. Ga yawun biri. A ba awaki.” Ta ce awakinsa su ci nasa. Ta ɗaure guntayen da kaba ta rataye a ɗakinta inda hayaƙi ke bi, suka yi wata guda. Sannan ta murje su da tafin hannu, ba ta yarda an sa a turmi ba. Ƙwayar ta fito ƙanana, wasu a yamutse, duka ba su fi cikin ludayi uku ba. Ba wanda ya san ko da rai a cikinsu.

Ta ce ba za ta jira damina ta ji labari ba. Ta samo fasasshen kasko ta cika da yashi, ta ƙirga ƙwaya ashirin ta binne, ta yayyafa ruwa, ta kife da tsohon kwando saboda kaji. Ni ta ba aikin ruwan, safe da marece. Kwana biyu ba komai. Na uku na ɗaga kwando na ga yashi kawai, na mayar, na je bayan ɗaki na yi kuka. Na huɗu da safe na ɗaga, sai ga wasu ƴan abubuwa kore, sirara kamar allura, kowanne da ɗigon ruwa a kansa.

Na yi ta kiran kaka. Ta fito tana ɗaura zane, ta durƙusa, idonta ba ya gani sosai, sai ta bi su da ɗan yatsa a hankali. Ta ce, “Ƙirga mani.”

Na ce bakwai. Na sake dubawa na ce takwas, ga wani yana ture yashi.

Babana ya zo ya tsuguna ya leƙa kaskon. Can ya ce, “In ruwa sun sauka, ni ka yi miki shingen ƙaya.”

Ta ce, “Shingen ƙaya, ma biri? Kai dai kawo mani toka mai sanyi da ɗan tulu.”

Ta gauraya sauran irin da toka ta zuba a tulun, ta rufe da tsingaro, ta kwaɓa laka ta shafe bakin. Tun lakar tana ɗanya ta kamo hannuna ta danna a kai, yatsu biyar suka fito. Ta ce in ɗauka in kai mata bayan gado, kuma in riƙe shi da hannu biyu.